Mun tare a Houston ana ta maganar mahaukaciyar guguwa: wane shiri ya kamata in yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Houston a jihar Texas ta Amurka, ni da maiɗakina da yara uku, kuma Hajiyarmu za ta zo ta yi mana 'yan watanni. Tun da watan Yuni ya kama ake ta maganar mahaukaciyar guguwa a talabijin. Wasu abokan aiki sun ce in dai ba ta kai aji na 3 ba, kada in damu. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa an tare a sa'a, ya kawo Hajiya lafiya.

Da maganar abokan aikinka zan fara, don ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin duk abin da ka rubuto. Ajin da ake ba guguwa, daga 1 zuwa 5, ma'auni ne da wani injiniya, Herbert Saffir, da wani masanin yanayi, Robert Simpson, suka tsara a farkon shekarun 1970. Abu ɗaya tak yake aunawa: gudun iska. Idan iskar ta kai kilomita 63 a awa, sai a raɗa wa hadarin suna. Idan ta kai 119, ta shiga aji na 1. Daga 178 zuwa sama, wato aji na 3, ana kiranta babba, kuma aji na 5 yana farawa ne daga 252. Ma'aunin bai ce komai a kan faɗin guguwar ba, bai ce komai a kan yawan ruwan da za ta zubar ba, haka nan bai faɗi ko za ta wuce da sauri ko za ta yi zaman dirshan a kan gari ba. To a nan gizo ke saƙar, domin ruwa ne ke kashe mutane. Edward Rappaport na Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasa da ke Miami ya bi diddigin waɗanda irin wannan guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka daga 1963 zuwa 2012. Kusan rabinsu tumbatsar teku ce ta cinye su, wato ruwan teku da guguwa ke turowa kan tudu, sama da kashi ɗaya cikin huɗu ambaliyar ruwan sama, ita kuwa iskar da ake ba aji saboda ita, ko ɗaya cikin goma ba ta kai ba.

Ba sai mun je nesa ba, garin da kake zaune ya ishe mu misali. Guguwar Allison ta 2001 ko aji na 1 ba ta taɓa kaiwa ba, amma ta cika ƙarƙashin manyan asibitocin Houston da ruwa, ta kashe sama da mutum 20 a Texas. Ike ta 2008 aji na 2 ce, ta share gidajen zirin Bolivar da ke gabas da Galveston, garin bakin tekun da ke kudu maso gabas da Houston, kusan kakaf. Harvey ta 2017 ta shiga gaɓa ne a aji na 4 kusa da Rockport, can kudu maso yamma, amma lokacin da ta nutsar da Houston iskarta ta riga ta faɗi ƙasa da aji na 1. Beryl ta Yulin 2024 aji na 1 ce da ta iso Matagorda a gaɓar Texas, sai ga sama da gidaje da shaguna miliyan 2 babu wuta a tsakiyar zafin bazarar Texas, wasu fiye da mako guda. Duk guda huɗun suna ƙasa da aji na 3 ne lokacin da suka yi wa yankinku ɓarna, da ka bi shawarar abokan aikin nan, barcinka za ka sha.

Kada dai ka ɗauka ina raina iskar. Ƙarfin da take dannawa a jikin bango ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, dannawar ta ninka huɗu. Andrew ta 1992, aji na 5, ta niƙe garin Homestead a Florida har sai da jihar ta sake dokokin gini. Amma iska ana iya fake mata a cikin gini mai ƙwari. Ruwa idan ya zo, babu ɗakin da zai tare shi.

Wani abu da zai ba ka mamaki: yawancin manyan guguwar nan 'yan gida ne. Hadarin nan da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, ya yi duhu, ya zo da ƙura da iska kafin ruwa ya sauko a Maiduguri ko Zinder ko Kano, yana tafiya ne a cikin wani lanƙwasar iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafin Sahara da sanyin iskar da ke fitowa daga tekun Gini shi ke haifar da ita. Duk kwana uku zuwa huɗu ɗaya takan fita ta gaɓar Senegal ko Gini ta faɗa Tekun Atlantika, kimanin 60 a shekara. Akasarinsu a nan suke mutuwa, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shaƙe su. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne ke girma a hanya, kuma bincike ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwar Atlantika daga irinsu suke fitowa. Harvey ma daga can ta taso. William Gray na jami'ar jihar Colorado ya lura tun tuni cewa shekarun da damina ta yi kyau a yammacin Sahel, kamar 1950 zuwa 1960 da 'yan kai, manyan guguwa sun fi yawa, shekarun fari na 1970 da 1980 kuma suka ragu. Mu a gida ba ma ganinsu saboda iska yamma take kora su, kuma tekun da ke kudu da Legas ya yi kusa da tsakiyar duniya da yawa. A wurin juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin da za ta murɗa hadari ya riƙa kewaya kansa. A gabashin Afirka kuwa suna zuwa: Idai ta kashe sama da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi a 2019.

Abincin guguwa ruwan ɗumi ne. Tana bukatar saman teku ya kai kusan digiri 26 da rabi, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa sosai. Tururi ya tashi, ya zama gajimare, ya saki zafi. Zafin ya ƙara ɗaga iska sama, sai wata iskar ta ruga daga gefe don cike gurbin, ita ma ɗauke da tururi. Haka abin ke ciyar da kansa muddin akwai ruwan ɗumi a ƙasa, kuma iskar sama ba ta karkatar da kan hadarin ba. Tekun Meziko da ke gabanku yakan haura digiri 30 a Agusta da Satumba. Shi ya sa lokacin guguwa, ko da yake a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Shi ya sa kuma guguwa kan iya ƙara ƙarfi cikin dare ɗaya. Otis ta 2023 ba ta ko shiga aji na 1 ba kwana guda kafin ta afka wa Akapulko a Meziko tana aji na 5. Saboda haka ajin da ka ji da safe ba alkawari ba ne.

A tsakiyarta akwai ido, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60 galibi, inda iska ke kwanciya, wani lokaci har a ga taurari. Garun hadarin da ya kewaye idon shi ne mafi muni. Wanda ido ya bi ta kansa zai ga an yi tsit kamar an gama, sai ya fito duba mota, alhali ɗaya ɓarin garun yana tafe da iska daga ɗaya gefen. A wannan ɓangare na duniya guguwa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka gefenta na dama, idan ka fuskanci inda ta dosa, shi ne ke turo iska da ruwan teku zuwa kan tudu. Ka riƙe wannan da kyau: guguwar da za ta sauka yamma ko kudu da Galveston ta fi muku haɗari a kan wadda za ta sauka gabas, wajen Luwiziyana. Mutane kan ji an ce Matagorda ko Freeport za ta shiga, su ce ai ta kauce mana. A gaskiya ta ba ku mugun gefenta ne.

Tumbatsar teku ba igiyar ruwa ɗaya ce mai zuwa ta koma ba. Idan ka zuba ruwa a faranti ka hura shi daga gefe, za ka ga ya taru a ɗaya bakin. Haka guguwa ke yi wa teku na awanni, kuma gaɓar Texas da Luwiziyana shimfiɗaɗɗiya ce marar zurfi, ruwan ba shi da inda zai nutse sai dai ya hau ƙasa. Da farko za ka ga kwata ta fara amai maimakon ta sha. Sai ruwa ya lulluɓe titi, ya taɓa matakalar ƙofa. Cikin mintuna kaɗan yana iya kai gwiwa, firji ya kife ya fara yawo a kicin, ƙofar da kake son buɗewa ta ƙi motsi saboda nauyin da ke bayanta. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, tan guda ne, ga shi kuma yana tafe da katako da motoci da tankunan gas, igiyoyi na dukan gini a samansa. Katrina a 2005 ta sauka a aji na 3, amma ta tura ruwa mai tsayin sama da mita 8 a gaɓar Misisipi, shingayen New Orleans suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, sama da mutum 1,300 suka rasu. A Galveston ɗin da kuke zuwa shan iska, guguwar 8 ga Satumba 1900 ta kashe aƙalla mutum 6,000, wasu ƙididdigar sun kai 12,000. Katangar da kake gani a bakin ruwan bayan nan aka gina ta.

Tsakiyar Houston tana da nisan kusan kilomita 80 daga Galveston, don haka tumbatsar teku ta fi shafar unguwannin kudu maso gabas da ke kusa da mashigin ruwa, irin su Clear Lake da Baytown da Texas City. Sauran birnin ruwan sama ne abokin gabarsa. Ƙasar a baje take, laka ce mai ƙin shan ruwa, an kuma shafe ta da kwalta da siminti, duk ruwan sai ya bi wasu 'yan rafuka masu tafiyar hawainiya. Harvey ta tsaya cak kwana da kwanaki, rabinta a teku tana ɗiba, rabinta a tudu tana juyewa. A Nederland, gabas da Houston, an auna milimita 1,539. Wasu sassan Houston sun samu sama da 1,000 cikin kwana huɗu, wato abin da ya kai ko ya fi na damina guda a Kano. Madatsun Addicks da Barker a yammacin birnin suka cika, ruwa ya shiga gidajen da ke bayansu, aka buɗe ƙofofi ya shiga na gabansu. Fiye da rabin gidajen da ruwa ya shiga a gundumar Harris, inda Houston take, suna wajen yankin da taswirar gwamnati ta ce shi ne mai babban haɗarin ambaliya. Nisa da teku ma ba kariya ba ne: Helene ta 2024 ta sauka a Florida, amma ɓarnarta mafi muni a duwatsun Carolina ta Arewa ta yi ta, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa.

Saboda haka shirin farko ba a kanti ake yin sa ba. Ka san gidanka. Hukumomin yankin sun raba wuraren da ake kwashe mutane bisa lambar gidan waya ta unguwa: na bakin teku, sai A, B da C. Ka duba yau ko lambarku na ciki. Sannan ka tambayi maƙwabcin da ya daɗe a layin, ba mai gidan haya kaɗai ba, ina ruwa ya tsaya a 2017. Ka tambayi wace hanya ce ke fara toshewa, da inda mutane ke kai motocinsu. Idan a benen ƙasa kuke, ka ƙulla zumunci da na sama tun yanzu.

Idan kuna cikin yankin da ake kwashewa kuma aka ba da umarni, ku tafi, ku tafi da wuri, ba tare da jiran ganin ƙwaƙwaf ba. Idan kuwa ba kwa ciki, gidan mai ƙwari ne, ba shi da tarihin ambaliya, yawanci zama ya fi. Houston ta koyi wannan da tsada. A Satumbar 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, Rita ta doso, tsoro ya kama kowa, sama da mutum miliyan 2 suka hau titi lokaci guda, har da waɗanda ba su da dalilin tashi. Motoci suka yi cirko-cirko kusan kwana guda a cikin zafi, mai ya ƙare a hanya, wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas ta kashe 23. Sama da mutum 100 ne suka mutu a gudun, ita kuwa guguwar ta karkata gabas. Wanda zai tashi ba sai ya kai Dallas ko San Antonio ba. Gidan ɗan'uwa a unguwa mai tudu ya isa. Sai dai kai lissafinka ya ɗan bambanta saboda Hajiya. Idan tana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, ko tana amfani da wata na'ura mai bukatar lantarki, to mako guda babu wuta babu na'urar sanyaya ɗaki a zafin Houston shi kansa dalilin tafiya ne, ko da ruwa bai taɓa ƙofarku ba. A Beryl zafin da ya biyo baya ya kashe tsofaffi da dama a cikin ɗakunansu. A ra'ayina, ku yanke wannan shawara yanzu, kai da maiɗakinka, ku san gidan wa za ku, ta wace hanya, a kuma gaya wa Hajiya tun tana isowa, don na san halin iyayenmu: ranar tafiya za ta ce ita ba inda za ta, Allah na nan. Allah na nan, kuma shi ya ba mu kwana uku na gargaɗi da mutanen 1900 ba su samu ba.

Labarin guguwa kuma ka ɗauke shi daga tushe. Cibiyar Miami tana fitar da sanarwa duk awa shida, a agogonku ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare. Sanarwar zama cikin shiri tana fita awa 48 kafin a sa ran iska mai ƙarfi ta fara, gargaɗi na sosai kuma awa 36. Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin mutane da yawa ba su fahimce shi ba. Yana nuna inda tsakiyar guguwar ka iya bi ne kawai, kuma an zana faɗinsa ne yadda tsakiyar za ta kasance a ciki kusan sau biyu cikin uku. Ba girman guguwar ba ne. Iska da ruwa suna kaiwa ɗaruruwan kilomita a wajensa. Ka bar zanen, ka karanta abin da aka rubuta game da tsayin tumbatsa da yawan ruwan sama a yankinku. Hotunan da ake yawo da su a WhatsApp na hasashen kwana goma masu zuwa kuwa, kada su hana ka barci.

Sai kayan tanadi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kwana biyu kafin guguwa kantuna sun zama wayam, layin gidan mai ya kai titi. Ruwan sha, ana lissafa galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana. Hukuma na cewa aƙalla na kwana uku, ni na mako guda nake ba da shawara. Ku shida ne, galan 42 ke nan, kuma wannan lissafin ba a yi shi da masu alwala sau biyar da tsarki da buta ba, don haka a cika bahon wanka da bokitai da duk wata roba kafin guguwar ta iso, na wanka da kora bayi. Abinci kuwa mu Allah ya hutar da mu: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, madarar gari, dabino, gyaɗa, kilishi ko dambun nama, kifin gwangwani, biskit. Duk ba sa son wuta ba sa son firji. Kada ka cika firiza da naman rago a watan Agusta. Firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan an ɗauke wuta, firiza cikakkiya kwana biyu, rabi kuma kwana ɗaya. Ka daskarar da robobin ruwa ka cusa a ciki, za su ƙara mata lokaci, in sun narke a sha.

Maganin Hajiya da na yara a tanadi na mako biyu, a rubuta sunayensu da yadda ake sha a takarda. Tocila ga kowa da batir na ƙari. Kyandir a bar shi, don gobara a daren da motar kashe wuta ba za ta iya fitowa ba masifa ce. Ƙaramar rediyo mai batir, abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike, tsabar kuɗi ƙananan takardu saboda na'urar kati ba ta aiki in babu wuta. Tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi daga Agusta zuwa Oktoba. Abin da baƙo ya fi kowa bukatar kiyayewa shi ne takardu: fasfo, biza, takardar izinin aiki, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar haya. A sa su a leda mai zif, a ɗora a sama inda hannu zai kai cikin duhu, a kuma ɗauki hotonsu a aika wa wani amintacce. Ɗan ƙasa in ya rasa katinsa zai sake cikin makonni. Kai sabunta fasfo da biza wata doguwar tafiya ce.

Game da gidan, duk abin da ke baranda ko tsakar gida a shigo da shi: kujeru, keken yara, tukwanen fure, kwandon shara. Iska na mai da su harsashi. Manna salatef a gilashin taga aikin banza ne, ba ya hana shi fashewa. Abin da ke aiki shi ne murfin taga na ƙarfe ko katako mai kauri da aka ɗaure da kusoshi, kuma idan haya kake wannan magana ce tsakaninka da mai gida tun yanzu. Kada a bar taga a buɗe wai don iska ta samu hanya. In ta shiga, rufin take ɗagawa.

Lokacin da take kaɗawa, ku taru a ɗaki na ciki marar taga, bayi ko lungun tufafi, kowa da takalmi a ƙafa. Waya ta kasance a kunne saboda gargaɗin gaggawa, don guguwar kan haifi ƙananan guguwa masu murɗawa a gefenta. Idan ruwa ya fara shigowa, a kashe babban makunnin wuta muddin ana iya kai masa ba tare da tsayawa cikin ruwa ba, a hau sama. Kada a shiga tsakanin silin da rufi sai da gatari ko wata hanyar fita. A Katrina an tsinci gawarwaki da yawa a nan. Kan rufin ya fi, inda masu ceto za su gan ku, a kira lambar gaggawa 911. Mota kuwa ita ce tarkon da ya fi kama mutane a Houston, musamman a ƙarƙashin gadoji inda titi ke nutsawa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. Da dare ba ka iya gane zurfinsa. Ka juya kawai. Yara kuma kada su yi wasa a ruwan ambaliya: akwai kashin masai, akwai wayar wuta, akwai macizai, har da wasu jajayen tururuwa masu cizo da ke dunƙulewa suna yawo a saman ruwa.

Bayan ta wuce ne mutane ke sakin jiki, alhali kwanakin nan suna cin rai sosai. A Puerto Rico an fara cewa Maria ta 2017 ta kashe mutum 64. Da aka ƙirga waɗanda rashin wuta da magani da asibiti ya kashe a watannin da suka biyo baya, gwamnatin tsibirin ta mayar da adadin 2,975. A nan ina da jan kunne na musamman gare mu 'yan Najeriya, saboda muna ganin mun ƙware a janareta. Gidajen can a toshe suke ruf, ba irin namu masu tsakar gida da iska ke ratsawa ba. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da kasala da barci, daga nan sai a wayi gari. Bayan Laura a 2020 ta kashe mutane da dama a Luwiziyana da Texas, har da 'yan gida ɗaya. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da an buɗe shi, ba a baranda ba. Haka gawayi da murhun gasa nama. Ka sayi na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru, mai batir, kuɗinta kaɗan ne. Idan an ce a tafasa ruwan famfo, a bar shi ya yi minti guda yana tafasa. Duk wayar da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta.

Saura inshora. Inshorar gida ko ta ɗan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan daban ake sayenta, kuma ta shirin gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ranar da aka raɗa wa guguwa suna an makara. Ɗan haya na iya sayen ta kayan ɗaki kaɗai. Ta mota ma ka duba, mafi arha da doka ta wajabta ba ta biyan motar da ruwa ya ci. A wannan makon ka zaga gidan da waya ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ka buɗe durowa da kabad. Idan ruwa ya shiga, ka sake ɗauka kafin ka taɓa komai, da alamar inda ya tsaya a bango, sannan a fitar da kafet da katifa da duk abin da ya jiƙe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin a damshin Houston fumfuna ba ta jira. Masu zuwa ƙofa bayan guguwa suna cewa za su gyara rufi a ba su kuɗi tukuna, kada ka ba su ko sisi sai ka ga takardunsu an kuma rubuta yarjejeniya.